A raba kuɗin jami'a da ranar zaɓe

Jama'a, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai, yau kam sai na faɗe ta ko da za ta yi tsawo. A ƙasar nan tamu ta Nijar jami'a ba ta tsaye da ƙafar kanta. Wanda ke kan kujera shi ke ciyar da ita, kuma yana ba ta ne gwargwadon abin da zai amfane shi ranar jefa ƙuri'a, ko ranar da yake son talakawa su yi masa tafi. In zaɓe ya matso a tuna da ita, in ya wuce a ce ta yi haƙuri, baitulmali ba kuɗi. Ba jam'iyya ɗaya nake nufi ba, ba kuma mutum ɗaya ba. Farar hula sun yi haka, sojoji ma sun yi.

Ku dubi yadda jami'o'inmu suka zo duniya. A 1971 aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, ta zama jami'a a 1973, daga baya aka sa mata sunan Abdou Moumouni. Kusan shekara 40 ita kaɗai ce jami'ar gwamnatin Nijar. Ɗan Damagaram in ya ci bak, wato jarrabawar gama sakandare, sai ya ɗaure kayansa ya yi tafiyar kusan kilomita 900 zuwa Yamai, ya nemi inda zai raɓe. A wa'adin Tandja na biyu aka kafa makarantun IUT, wato cibiyoyin koyon fasaha na jami'a, a Maraɗi da Tawa da nan Damagaram. A 2010, lokacin riƙon ƙwaryar Salou Djibo, aka ɗaga su suka zama jami'o'i uku, tamu ita ce yau ke ɗauke da sunan André Salifou, ɗan garin nan, masanin tarihi da ya jagoranci babban taron ƙasa na 1991. Sai kuma a 2014 gwamnatin Issoufou Mahamadou ta kafa huɗu a tashi ɗaya: Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Zaɓen 2016 yana tafe, ga shi kowace jaha ta samu tata. Cikin shekara huɗu muka tashi daga jami'a ɗaya zuwa takwas.

Kada wani ya ce ina ƙin wannan. Wallahi ina murna da jami'ar garinmu. Na san gidaje a Mirya da Matamai da Magarya inda uba ba zai taɓa barin ɗiyarsa ta tafi Yamai ita kaɗai ba, amma ya yarda ta zo Damagaram ta zauna gidan gwaggonta ta yi karatu. Yaran nan da yanzu suna ɗaka, yau wasunsu malamai ne, wasu suna aiki a asibiti. Wannan alheri ne, kuma duk wanda ya sa hannu a ciki Allah ya saka masa.

Abin da nake cewa shi ne, sa hannu a takarda ba ya haifar da jami'a. Mu ƴan Damagaram ai ba sai an yi mana dogon bayani ba. Sau nawa aka ja mana famfo har ƙofar gida, aka yi biki, aka yanke ƙyalle, amma in ka murɗa sai iska, dole ka koma jiran ƴan ga-ruwa? Haka jami'ar da aka buɗe ba a tanadi malamanta ba. Ginin yana nan, allon suna yana nan, abin da ya kamata ya gudana a ciki ne babu.

Lissafin a fili yake. Wa'adin shugaban ƙasa shekara biyar ne. Malamin jami'a kuwa, bayan bak sai ya yi uku na lisans, biyu na masta, aƙalla uku na dakta. Takwas ke nan in komai ya tafi daidai, kuma a wurinmu da wuya komai ya tafi daidai. Bayan nan ma sai ya yi shekaru yana bincike yana rubutu, yana kai takardunsa gaban CAMES, hukumar nan da ke auna malaman jami'o'in ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, kafin ya kai matsayin da zai iya riƙe hannun wani ɗalibin dakta. Likita shekara bakwai ko fiye. To wane ɗan takara ne zai zuba kuɗi a abin da ba zai nuna ba sai bayan wa'adinsa biyu sun ƙare? Gini ana gama shi cikin wata 18, a ɗauki hoto, a nuna a talabijin da dare. Kuɗin da aka kashe wajen tura matasa 50 su yo dakta, ko sayen sinadaran ɗakin gwaji, ko biyan kuɗin littattafai da intanet, ba wanda zai hau mumbari ranar kamfe ya nuna shi da yatsa. Shi ya sa kullum shi ne na ƙarshe a layi, shi ne kuma na farko da ake yankewa. Sakamakon kowa ya san shi: jami'o'in jahohi suna jiran malami ya taso daga Yamai ko daga wata ƙasa, ya zo ya zuba darasin wata uku cikin mako ɗaya ko biyu, safe da yamma, ya hau mota ya koma. Ɗalibi ya kwashi takardu ya kai wurin mai fotokofi ya haddace. In malamin bai samu zuwa ba, ko ba a biya shi na bara ba, sai shekarar ta tsaya cik tana jiransa.

Ɗan yayata yana karatu a wata jami'ar gwamnati da ba ta garin nan ba. Da ya zo hutun Sallah na tambaye shi aji nawa yake yanzu, sai ya yi shiru kaɗan, ya ce: "Kawu, a takarda ina shekara ta biyu, amma sakamakon ta farko bai gama fitowa ba. Ƙannenmu da suka ci bak bana sun iso, mu ba mu matsa ba, a zauren lacca ɗaya muke turereniya." Ya ce kafin kiran assalatu yake tashi, ya tafi ya ajiye littafi a kan benci don ya kama wuri, in ya makara sai tsayuwa a bakin taga, ana jin muryar malam ba a ganin allo. Alawus ɗin da ake biya wata uku-uku, na farkon shekara bai shigo ba har aka kusa ƙarshenta. Mai gidan haya ba ya jiran gwamnati. Ran kasuwa uwarsa ta kama tunkiyar da take kiwo don layya ta ba a kai kasuwar Dole, aka sayar, ta aika masa da kuɗin ta waya. Da na ce mata ai da ta bari mun haɗa, sai ta ce: "Bari kawai, ƙanena. Ni dai ya gama, kar ya dawo mini ya zauna a fada yana dafa shayi." Yaron nan ba malalaci ba ne. Lisans ɗin shekara uku ne ke neman cin masa biyar, kuma kowace shekarar da ta ƙaru daga aljihun matar nan take fita.

Wannan ciwon ba na yau ba ne. Dimokuraɗiyyar ƙasar nan da jinin ɗalibai aka buɗe mata ƙofa. Ran 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Ali Saibou, ɗalibai suka taso daga jami'a za su tsallaka gadar Kennedy, suna ƙin tsarin tsuke bakin aljihu da masu ba da bashi na duniya suka ɗora wa karatu, aka buɗe musu wuta, uku suka rasu. Har gobe USN, ƙungiyar ɗaliban Nijar, tana tunawa da ranar. Daga nan guguwar ta tashi har ta kai ga taron ƙasa da zaɓen 1993, wanda ɗan garin nan Mahamane Ousmane ya ci. Mutum zai zaci waɗanda suka hau mulki ta wannan gada za su riƙe jami'a da hannu biyu. Amma a Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, albashi ya yi ta taruwa ba a biya ba, zaɓen ƴan majalisa na 1995 ya kawo zaman doya da manja tsakanin shugaban ƙasa da firaministansa Hama Amadou, ga juyin mulkin Baré a Janairu 1996. Cikin wannan rikici wa ke ta jami'a? Yayyenmu da suka yi karatu a shekarun nan sun san farar shekara, wadda za a shafe ta gaba ɗaya a ce kowa ya maimaita. Wasunsu daga nan suka bar boko har abada.

A 2011 an yi mana alkawarin kashi 25 cikin 100 na kasafin kuɗi zai tafi ga ilimi, mutane da yawa sun jefa ƙuri'a saboda wannan magana. Sai ga Boko Haram ta afka wa Bosso da Difa a Fabrairu 2015, yamma ma ta kama da wuta, kuɗi suka karkata zuwa tsaro. Ba na ce kar a sayi makami ba, ƙasar da ba kwanciyar hankali ba ta karatu. Amma ku lura, ko shekara guda ba a yi ba da ƙara jami'o'i huɗu. An ƙara bakunan ci a daidai lokacin da tuwon ke raguwa, kuma ba wata doka da ta ce ga rabon jami'a wanda ba a taɓawa ko me ya faru. Ran 10 ga Afrilu 2017 ɗalibai suka fito kan bashin alawus da halin zaman karatu, aka yi arangama a Yamai, ɗalibi Mala Bagalé ya rasa ransa, aka rufe harabar jami'a. Shekara 27 bayan gadar Kennedy, kukan bai sauya ba. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, da yawa cikin masu mulkin lokacin daga USN da sandikan malamai suka fito. Sun san ɗanɗanon abincin resto na jami'a, sun san jiran alawus.

Sai maganar shugaban jami'a, wadda a ganina ta fi kuɗin ma nauyi. Bayan taron ƙasa jami'a ta samu ƴancin zaɓen shugabanta da kanta. A 2018 gwamnati ta ce a'a, ita ke ba da kuɗi, don haka ita za ta naɗa. Sandikan malaman jami'a, SNECS, ya shiga yajin aiki, a dawo a koma, watanni suna tafiya yara suna zaune. A 2019 majalisar dokoki ta amince da dokar da ta ba majalisar ministoci ikon naɗin. Hujjar gwamnati ba ta banza ba ce, gaskiya: ta ce shugaban da malamai suka zaɓa ba ya iya tsawata wa waɗanda suka zaɓe shi, ga shekarun karatu sun hau kan juna ba mai ɗaukar laifi. Na yarda akwai wannan. Amma maganin da aka kawo ya ɗaure jami'a a ƙugun siyasa ɗauri na gaske. Wanda aka naɗa da takarda ana iya sauke shi da takarda a zaman majalisar ministoci na mako mai zuwa. Mutumin da ya san haka, yaushe zai tashi ya ce wa minista kuɗin da ka turo ba za su kai mu watan shida ba? Yaushe zai ce kar a turo mini sababbin ɗalibai 3000 alhali wurin zaman 1000 nake da shi? Zai yi shiru ne ya karɓa. In gwamnati ta sauya, shi ma ya san kwanansa sun ƙare, wanda ya gaje shi ya zo ya fara daga farko da nasa mutanen. Tsarin shekara goma ba ya yiwuwa a hannun wanda bai san ko zai kai baɗi a ofis ba.

A nan dole in juyo kanmu. Ɗalibai ma suna da nasu. Kowa ya san yadda ƴan siyasa ke zawarcin shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai in zaɓe ya gabato, da yadda wasu ke mayar da kujerar ƙungiya tsanin hawa zuwa jam'iyya. Yajin da aka kira don wani babba ya ji daɗi, da yajin da aka janye don wani babba ya kira waya, duk ɗan talaka ne ke biyan kuɗinsu. Malamai kuma, ina girmama su, amma wanda ya riƙe takardun jarrabawa wata da watanni bai gyara ba yana can yana koyarwa a makarantar kuɗi, bai da bakin zagin gwamnati. Mu iyaye da masu ƙuri'a fa? Ɗan takara ya zo unguwa, an kafa rumfa, an raba atamfa da jaka bibbiyu, makaɗa suna yi. Ban taɓa jin wani dattijo ya miƙe ya ce, ranka ya daɗe, malamai nawa za ka ɗauka wa jami'ar garin nan a kowace shekara, kuma daga wane aljihu ba. Muna tambayar hanya, muna tambayar ruwa, kuma muna da gaskiya. Jami'a kuwa mun bar ta kamar ta ƴan boko ce su kaɗai, alhali likitan da zai duba matarka a asibiti daga can zai fito.

A zagaye na biyu na zaɓen Fabrairu 2021, ƴan takarar biyu duka jahar nan ce gidansu na siyasa: Mahamane Ousmane da Bazoum Mohamed na Tesker. Bazoum tsohon malamin falsafa ne, ya yi maganar ilimi sosai, musamman makarantun kwana na ƴan mata, kuma an fara ginawa. Bai kai rabin wa'adi ba sai ga juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Takunkumin CEDEAO ya biyo baya, tallafin waje ya tsaya, aka rage kasafin shekarar da kusan kashi 40 cikin 100. A Maris 2025 aka rusa jam'iyyu, aka ba Janar Tiani, jagoran juyin mulkin, wa'adin shekara biyar. To yanzu ba zaɓe, ba kamfe. Wani zai ce shi ke nan jami'a ta huta da ƴan siyasa. Ni ban ga haka ba. Har yanzu alƙalami ɗaya ne ke naɗa shugabanta, hannu ɗaya ne ke sakin kuɗinta ko ya riƙe. In mai alƙalamin yana da niyyar alheri a ji daɗi, in hankalinsa ya tafi wani wuri a sha wuya. Zaɓe bai ƙirƙiro ciwon ba, yana tayar da shi ne duk bayan shekara biyar. Kuma zaɓe zai dawo wata rana, da sababbin jam'iyyu da sababbin alkawura.

Shi ya sa nake ganin yanzu ne lokacin, tunda ana cewa ana sake gina ƙasa ana rubuta sababbin dokoki. A kafa asusu na musamman na karatu mai zurfi, da doka, da tushen kuɗinsa a rubuce, wanda ba minista ko shugaban da zai iya karkatar da shi. Ba sabon abu ba ne a wurinmu. Dokokin ma'adinai da na man fetur sun riga sun ware kashi 15 cikin 100 na wasu kuɗaɗen shiga don yankunan da ake haƙar arzikin, ko da yake ana kukan jinkirin biya. A 2023 an kafa asusun ceton ƙasa, ana cire ƴan kuɗi kaɗan-kaɗan daga kiran waya da tikitin mota, kuma kowa ya ga an tara. Matatar SORAZ tana nan arewa da mu tun 2011, an gina ta don tace ganga 20,000 a rana, ga bututun da ke kai ɗanyen man Agadem har gaɓar teku a Benin. Mai ƙarewa yake yi. In ba a mayar da wani yanki nasa ya zama injiniyoyi da likitoci da malamai ba, me za mu nuna wa jikokinmu?

Maƙwabtanmu na Najeriya, da muke shiga Kano kamar ɗakinmu, suna da irin wannan. Gwagwarmayar ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'insu, ce ta haifar da harajin ilimi a 1993, kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni a lokacin, wanda asusunsa ya zama TETFund a 2011. Duk wanda ya shiga jami'ar Bayero ko ta Zariya ya ga gine-gine da sunan asusun a jiki, kuma malamai da yawa da kuɗinsa suka yo dakta. Gwamnatoci sun zo sun wuce, asusun yana nan. Bai warkar da komai ba, don ba ya biyan albashi, shi ya sa a 2022 ASUU ta yi wata takwas tana yaji ana jajibirin zaɓe. Mu sai mu ɗauki darasin duka biyu: namu asusun ya fara da horar da malamai da kayan ɗakin gwaji da alawus ɗin ɗalibai, gini ya biyo baya. A sa ANAB, hukumar da ke biyan alawus ɗin ɗalibai, ta san ranar da kuɗin kowane wata uku za su shigo mata, ɗalibi ma ya sani, kamar yadda ma'aikaci ya san ƙarshen wata.

Shugabancin jami'a kuma a nemi tsakiya. Malamai da ma'aikata da wakilan ɗalibai su tace mutum uku, gwamnati ta ɗauki ɗaya, a ba shi wa'adi tsayayye wanda bai zo daidai da na shugaban ƙasa ba, kuma ba a sauke shi sai da laifin da aka tabbatar. Shi kuma kowace shekara ya fito ya faɗa wa jama'a, a rediyo, da Hausa da sauran harsunanmu: ga abin da aka ba ni, ga ɗalibai nawa, ga malamai nawa, ga ranar da shekara ta fara ga ranar da ta ƙare. Sannan a hana buɗe sabuwar jami'a ko sabon sashe sai an nuna malaman da za su koyar a ciki da sunayensu.

A ƙidayar 2012 jahar Damagaram ce ta fi kowace jaha yawan jama'a, kuma kusan rabin ƴan ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba. Yaran da ke zaune yau a azuzuwan zana a Tanut da Gure da Dungas, nan da shekara goma wasunsu za su tsaya a ƙofar jami'a da takardar bak a hannu. Malaman da za su karɓe su, in ana son su kasance a wurin ranar, bana ya kamata a tura su karatu. Ina roƙon wakilan jaharmu da ke majalisar tuntuɓa, da malamanmu na SNECS, da shugabannin USN na nan, da ƙungiyar iyayen yara, su zauna wuri ɗaya su rubuta wannan buƙata a takarda guda, su kai ta tun ana rubuta dokokin. Wanda ke da ɗa ko ƙane a jami'a, ya rubuto mana a ƙasa shekara nawa lisans ɗinsa ta ci, da wata nawa ya jira alawus bana, don masu kai takardar su tafi da shaida a hannu.